Ranar da Na Ƙara wa Kwamfutar Baba Gudu

Kwamfutar gidanmu ta girme ni. To, ba ta girme ni ba, amma idan ka ji nishinta lokacin da aka kunna ta, sai ka rantse da ita aka yi ƙidayar farko a ƙasar nan. Wani mai gyara a cikin garin Kwali ne ya harhaɗa wa Baba ita tun yana aikin sakatare, wannan yanki daga nan, wancan daga can, kamar miyar ranar da babu cefane.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da Baba a bakin ƙofa. Ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi har ba a gane abin da yake faɗa, amma hankalinsa garau. Waya ba ta yi masa, yatsansa rawa yake yi, sai ya danna haruffa uku lokaci guda. Kwamfutar ce ta zama bakinsa. Mun ajiye ta kusa da kujerarsa, muka ƙara girman rubutu, yana dannawa da yatsa ɗaya na hagu. "GISHIRI YA YI YAWA." "KAI KA YI SALLA?" Ni dai a ganina faɗan Baba ƙaruwa ma ya yi, don yanzu da manyan haruffa yake zuwa.

Idan ya yi barci bayan azahar, kwamfuta tawa ce. Akwai gem ɗin ƙwallo da abokina ya saka mini, sai dai tsohuwar ba ta iya jansa. Ɗan wasa zai buga ƙwallo yau, ta shiga raga jibi. Mai tsaron gida yana iya zuwa Abaji ya sayo doya ya dawo ya tare ta.

A wayar Yaya, babbar 'yar gidanmu, na ga bidiyon abin da ake kira obakilokin, wato ka shiga cikin saitin kwamfuta ka tilasta wa firosesa, ƙwaƙwalwarta ke nan, ta yi gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka tsara. Kyauta! Na je wurin mai gyaran, mutumin Filato ne mai son dariya.

"Oga, idan na ƙara mata gudu fa?"

"Wane mata? Injin babanka?" Ya ajiye sukudireba. "Kai yaro, wannan injin tsoho ne. Ka ƙara mishi gudu, zai ƙara zafi. Fankan ciki ma ya gaji. Kai za ka sa kakanka tsere?"

"Kaɗan ne kawai, Oga."

"Duk wanda ya ƙona injin, kaɗan ne ya ce. Ka bar shi ya yi aikin da yake yi."

Na ce to. A hanya kuwa na yanke hukuncin cewa tsoro ne ke damunsa, shi ya sa shagonsa bai girma ba.

Washegari na shiga saitin, na ɗaga lambar gudun firosesa kaɗan. Wallahi ta yi! 'Yan wasa suka fara gudu kamar an biya su albashi. Na ƙara. Minti goma sai ta mutu da kanta, jikinta zau, kana iya soya ƙwai a kai. Mai hankali da nan zai tsaya, domin kashe kanta da ta yi gargaɗi ne. Ni kuwa na tuna a bidiyon da ruwa suke sanyaya tasu, cikin wasu bututai masu haske.

Ba mu da bututai, amma muna da tulu. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Gbagyi mai ginin tukwane, ta ba Mama sabon ƙaramin tulu. Lokacin zafi ne, watan da ko kaza ke tafiya baki buɗe, amma ruwan tulun nan sanyi ƙalau, saboda yana tsattsafo da gumi ta jikinsa. Na san haka. A aji ma an koya mana. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne ina gumin yake sauka.

Ranar kasuwa ce, Mama ta tafi, Yaya tana lesin. Na cika tulu, na ɗora shi a saman akwatin kwamfutar, daidai kan ragar da iska ke fita. Na ɗaga lambar fiye da jiya. Na jawo kibod gabana.

Baba bai yi barci ba ranar. Yana zaune yana kallona. Da wasa ya yi nisa sai na ji yana buga hannun kujera, yana wani sauti daga maƙogwaro.

"Ka gani ko, Baba? Kimiyya ke nan!"

Ya ƙara bugawa. Ya miƙo hannun hagu wajen kibod. Na matsar da shi gefe.

"Minti biyar, Baba. Ɗaya da ɗaya ake."

Daga inda yake zaune yana ganin ɗigon da ke taruwa a gindin tulun yana faɗawa cikin raga. Ni ƙwallo nake gani. Sai na ji ɗas, allon ya yi baƙi, wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Baba ya daina buga kujera. Ya mayar da hannunsa kan cinya.

Na sauke tulu, na goge ko'ina, na danna makunni ya fi sau ɗari. Da Mama ta dawo na ce wuta ce aka kawo da ƙarfi. Ta yi salati, ta yi wa masu wuta Allah ya isa. Baba yana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa.

Mai gyara ya buɗe ta ya ce firosesa da babban allon ciki duk sun tafi, kuma irinsu sun tsufa, sai an yi cigiya a cikin gari, wataƙila a samu, wataƙila a'a. Da Mama ta juya sai ya nuna mini jan tabo a cikin ragar, ya ce a hankali, "Wuta ba ya barin laka, ɗan kimiyya."

Gidan ya yi shiru. Mama tana tambaya, "Ruwa? Abinci? Fanka?" Baba yana girgiza kai har ya gaji ya rufe ido. A rana ta huɗu ya daɗe yana sauti, muna ta kawo masa abubuwan da bai nema ba, filo, shayi, rediyo. Bayan gida yake so. Ba mu gane ba sai da fitsari ya gangaro ta ƙafar kujera. Mutumin da ko hularsa ba ya bari ta karkace. Mama ta kore mu waje. Ina jin ta tana cewa, "Ba komai, Malam, ba komai."

Da yamma na yanka kwalin taliya, na rubuta haruffa manya-manya da gawayi. Na riƙe a gabansa, shi yana nunawa, ni ina faɗa da ƙarfi, Mama da Yaya suna tsaye. Ya fara. K. A. I. Ya huta. Z. A. K. A. Da muka kai tsakiya na gane inda aka dosa. Ni kaɗai ke ganin inda yatsansa ke sauka sosai, da na so sai in karanta wani abu dabam. Na karanta abin da ya nuna.

"Kai za ka faɗa ko ni."

Na faɗa. Tulun, lambar, kibod ɗin da na janye, duka. Na jira mari. Mama ta dube ni ta ce, "Tunda kai ka rufe masa baki, kai za ka zama bakin. Daga makaranta sai nan."

Yau wata uku. Ba a samu allon cikin kwamfutar ba tukuna. Maganar da Baba yake bugawa cikin minti ɗaya, yanzu sai hannuna ya yi tsami kafin mu kai ƙarshenta, don haka ya rage magana. Ya daina ƙorafin gishiri. Ya daina tambaya ko na yi salla. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Jiya abokina ya tare ni a bakin aji, wai yana so ya ƙara wa kwamfutar yayansa gudu, in koya masa. Na tambaye shi me ake yi da kwamfutar a gidansu. Ya ce shi dai bai sani ba. Na ce ya je ya tambaya tukuna, na wuce, don an kusa tashi kuma Baba yana jiran kwali.