Mai Juyawa a Tsakiyar Hanya

Tsohuwa Thongbai, mai sharar ganye a gidan sufayen Buddha da ke bayan gari, tana dafe da tsintsiya tana kallon wani baƙo. Kowa cikin masu zuwa koyon natsuwa an ba shi doguwar hanyar yashi tsakanin itatuwa biyu, yana kai da komo a hankali, ba takalmi. Shi wannan dogo ne ramamme, farar rigar da ke jikinsa ta yi masa yawa. Ko rabin hanyar ba ya kaiwa sai ya noƙe kafaɗa, ya juya kamar mai gudun gogar bango. Yashin da ke gabansa ko sawu ɗaya babu.

Thongbai ta san wannan juyin. Haka ƙanenta ya riƙa yi a tsakar gida bayan fitowarsa daga kurkuku.

Ta matsa, ta ce ƙasa-ƙasa, "Kai ɗan nan, wa ya yi maka iyaka? Har gindin itacen can duk naka ne."

Ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji. "Na sani, Iya. Ƙafar ce ba ta sani ba."

Ya ɗaga ƙafar, ta tsaya cak a sama. Sannan ya juya.