Wuƙar Baffa da Karsanata Wule

Ranar wata Asabar ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu, 'yan banga suka karɓe wuƙar Baffa, mahaifina, a bakin kwalbatin da ke kan burtali. Babu makaranta ranar, shi ya sa na bi shi kiwo, don a gidanmu babu ɗa namiji, ni ce babba. Muna koro shanu sai samari biyu suka taso daga gindin darbejiya. Ɗayansu ɗan maƙwabcinmu ne, yaron da ya sha nonon gidanmu har ya gaji. Ya durƙusa ya gaida Baffa, kansa a ƙasa ya ce mai gari ya hana kowa fita da wuƙa. Baffa ya ce shi dai a rediyo ya ji cewa doka ɗaya ce ga jiha baki ɗaya, daga Dutse take, kuma ba ta raba makiyayi da kayan aikinsa ba. Yaron ya ce, "Baffa, a yi haƙuri, Dutse daban, nan daban." Mahaifina ba mai jayayya ba ne. Ya zare wuƙar ya miƙa masa ta wajen ƙota, muka wuce da kube wayam a ƙugunsa.

Mu Fulani ne da suka daɗe da zama a wani ƙauye tsakanin Jahun da Dutse, muna noma gero da dawa, shanu kuma na bayan gida. Aikina da safe shi ne ɗaure maruƙa a dangwali, doguwar igiyar da ake jera su, kafin Inna ta fara tatsa, sai wanke ƙore, sai girgiza nono a gora har hannuna ya mutu kafin mai ya fito. Da yamma mu yi 'yar carafke a ƙofar gida, ni kuwa ban iya faɗuwa ba, in aka cinye ni sai na watsar da duwatsun kowa ya huta. Abin da nake taƙama da shi a duniya shi ne Wule, karsana mai farin goshi, 'yar saniyar da Baffa ya ba ni ranar sunana. Tawa ce, kowa ya sani, kuma a lokacin tana ɗauke da cikin fari. Har na gama raba nononta a raina, na ware waɗanda ba za su ɗanɗana ba saboda sun taɓa yi mini dariya.

Wanda bai tashi cikin shanu ba zai ɗauka wuƙar makiyayi ta faɗa ce. Da ita ake yanke igiyar da ta shaƙe maraƙi, da ita ake cire ƙaya a kofato. In saniya ta ci abin da ya kumbura mata ciki, da tsininta ake huda kwiɓin hagu iska ta fita. In kuma rai ya zo fita, da ita ake yi mata bismilla a yanka kafin ta zama mushe. Baffa yakan ce, "Makiyayi ya manta takalminsa, amma kada ya manta wuƙarsa."

To, ni a makonnin nan kaina ya ɗaure tamau. Da farko ma dokar da na sani ita ce ta kan Inna, wadda ake yi mata kitso a kai, na rasa yadda aka yi ta shiga maganar wuƙa. Da aka fahimtar da ni, sai abin ya ƙara dagulewa. An ce wasu samari ne suka yi faɗa a wajen biki har aka ji wa ɗaya rauni, shi ne mai gari ya hana. Amma ƙauyen da ke tsallaken rafi kowa na yawo da tasa a rataye. A wani ƙauyen kuma an ce ba laifi in ba ta wuce taƙi ba, na ce to taƙin wa, na Baffa ko nawa? Mahauta na wucewa da nasu, wanzami na wucewa da askarsa, ba mai tare su. A makaranta malaminmu ya zana mana tsani a allo, tarayya a sama, jiha a tsakiya, ƙaramar hukuma a ƙasa, ya ce na sama ke danne na ƙasa. Na ɗaga hannu na ce, Malam, ina mai gari a tsanin nan? Ya ce, "Zauna, ke dai ba kya rabo da surutu." Na zauna, amma wallahi ban gane ba.

Asabar ta uku muka kai shanun can gefen fadama, inda aka girbe dawa. Ashe gyauron dawa mai kumbura cikin dabba ya tsiro a wata gona, ɗanye shar, ni kuma hankalina na kan tsinkar magarya. Kafin mu ankara Wule ta cika cikinta. Ba a jima ba ta tsaya cak, kwiɓinta ya tashi kamar ganga, tana nishi, kumfa na zuba a bakinta. Na ga hannun Baffa ya tafi ƙugunsa da kansa, ya taɓa kuben, ya tsaya a nan. Sai ya ce, "Yi gudu gidan can, ki ce a ara mini wuƙa, kowace iri."

Na yi gudu har zanina na kwancewa. Wata mata na samu tana sussuka, na gaya mata ina haki. Baiwar Allah ta shiga ɗaki ta ɗauko wuƙar yankan kuɓewa, sai ta tsaya a bakin ƙofa da ita a hannu. Ta ce maigidan ba ya nan, kuma ita ba ta san ko gidansu na cikin ƙasar mai garinmu ko na tsallake ba, kada a ce ita ta fitar da wuƙa. Ta leƙa katanga ta tambayi maƙwabciyarta, waccan ta ce ai an janye dokar, wata tsohuwa daga ciki ta ce ƙarya ne, ƙara tsananta ta ma aka yi. Ina tsaye ina kuka suna wannan shawara. Daga ƙarshe ta naɗe ta a tsumma ta cusa mini a hannu, ta ce kada in ce ita ta ba ni.

Da na iso, Baffa na tsugune, ya dafa wuyan Wule. Ya riga ya juyar da ita ta fuskanci alƙibla, yana jira, har rai ya fita. Bai ɗago ba, ya ce in mayar wa matar kayanta in yi mata godiya. Saniya mai ciki, mai ƙiba, ko tsoka ɗaya ba ta halatta ga kowa ba. Aka ja ta da igiya zuwa bayan gari. Na ji haushin kowa, na ji haushin kaina, na ƙi cin tuwo, na kuma daina gaida maƙwabcinmu har Inna ta zane ni.

Bayan 'yan kwanaki ɗan maƙwabcin nan namu ya zo da kunya ya ce wai an aiko daga sama cewa gari ba shi da ikon yin tasa dokar, kowa ya je ya karɓi wuƙarsa. Kafin watan ya ƙare kuma aka sake yin shela cewa hanin na nan daram.

Yanzu a Dutse nake zaune, ina aikin gwamnati, naman miyata a leda nake sayo shi, 'ya'yana ba su san dangwali ba. Na sha tambayar masu ilimin shari'a wace doka ce ke aiki a fadamar nan a ranar, wannan ya ce ta jiha, wancan ya ce ya danganta, sai in gyaɗa kai kamar na gane. Baffa ya rasu bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ni ce dai har yau ban huce ba. Wani lokaci in na ga garke na tsallaka titi da yamma, sai in kama kaina ina tunanin da yanzu jikokin Wule nawa. Ko maraƙin nata ban samu na gani ba.