Miyar da Ba Ta Samu Gishiri Ba

Akwai wata rana a Matameye da ko ni na yarda in manta da ita, harshena ba zai yarda ba. Har yau idan na kai loma baki na ji gishiri bai ji ba, sai gabana ya faɗi tun kafin in tuna dalili. Furfura ta fara fito mini a gemu, amma ranar tana nan a raina kamar jiya aka yi ta.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tsauni. Kowa mushe yake ce mini, wato malam a faransance, kuma in faɗi gaskiya sunan ya hau mini kai. Na saba in buga tebur aji ya yi tsit, sai na ɗauka duk inda na shiga ma aji ne. Ina neman auren wata malamar asibiti 'yar Damagaram, mun fi shekara biyu muna son juna. Mahaifinta ya rasu, maganar tana hannun ƙanensa, wani Alhaji mai fatauci tsakanin Damagaram da Kano. Sai ya aiko cewa zai bi ta Matameye, zai tsaya na ɗan lokaci ya gan ni, daga nan ya yanke hukunci. Ita kuwa ta ja mini kunne ta waya. "Baba ba ya yawan magana, kallo yake yi. Don Allah ka riƙe bakinka." Na yi dariya na ce ta kwantar da hankalinta.

Na riga na san inda zan kai shi. Akwai restoran na wata Hajiya a bakin kwalta, ba nisa da tasha. Ɗaki ne da aka fasa wa ƙofa ta bayan gidanta, ƙofar gidan ta ainihi tana can ta wani lungu daban. Duk lokacin da na shigo gari can nake ci. Miyar zabbin matar nan, in ka ci sau ɗaya ka gama yawo. Rediyonta ba ya mutuwa, bakinta ma haka, tun daga nesa za ta hango ni ta ce, "Mushe, yau ma ka zo gyara mana faransanci?" Ranar da ya iso, tun daga tasha nake cika wa Alhaji kunne da labarin miyar, shi kuwa sai gyaɗa kai yake yi yana jan carbinsa.

Rana ta take tsaka muka isa, cikin zafin bazara. Abin da na fara lura da shi, ba moto, wato babur, ko ɗaya a ƙofa, alhali a irin wannan lokaci wurin ajiyewa ma wuya yake. Ƙofar a saye take. Na tura, na yi sallama har sau uku, ba amsa. Kujeru suna kife bisa tebura kamar yadda aka bar su tun jiya. Ƙwan lantarki na ci da rana tsaka, amma fanka a tsaye, rediyo a kashe. Babu ƙamshin albasa da mai da na saba ji, sai wani ƙamshi mai sanyi, irin na kafur da ake sa wa cikin akwatin tufafi. Ta ƙarƙashin labulen da ya raba ɗakin da cikin gida, wani siririn ruwa mai ɗan kore yana gangarowa a hankali, yana bin gindin bango.

Na sauke kujeru biyu da kaina ina tsaki. Can labulen ya motsa, babbar 'yar Hajiya ta fito, matar aure ce da na taɓa gani sau ɗaya ko biyu. Ba takalmi a ƙafarta, mayafinta a karkace. Ta tsaya gabanmu, amma ba mu take kallo ba, bangon bayanmu take kallo. Ba ta ce sannu da zuwa ba, ni ma ban gaishe ta ba.

Na ce, "Zabbi biyu da shinkafa, da lemo mai sanyi."

Ta ce, "Babu."

"To naman rago?"

"Babu."

"Kifi fa?"

"Babu."

Raina ya fara ɓaci, ga baƙo a zaune, ga bakin da na cika tun daga tasha. Na ce, "To kira mini Hajiya."

Ta ce a hankali, "Hajiya babu."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na kece da dariya na ce, "Ita ma ta ƙare ke nan?"

Carbin Alhaji ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi ruwan nan na gindin bango, sannan ya ce, "Mushe, tashi mu bar su." Ni sai na ji kamar ya ce na gaza. Na ce ai ba inda za mu, ni ɗan gida ne a nan. Matar ta ce, har yanzu ba tare da ta kalle mu ba, "Ku zauna. Ba a fita nan da yunwa." Ta shige.

Muka zauna jira. Ban taɓa jin shiru irin wannan a wurin cin abinci ba, ko ƙarar cokali babu. Daga can ciki sai wani gunaguni mai taushi na muryoyi da yawa, yana tashi yana kwantawa, na ce a raina mata ne suke gulma sun bar mu a zaune. Sai kuma na ji ƙyaaat, ƙarar yaga sabon yadi. Aka ɗan jima, aka sake. Amma fushi bai bar ni na tambayi kaina dalili ba.

Da ta dawo, faranti ɗai-ɗai take kawowa da hannun dama, hannun hagun a dunƙule a ƙirjinta. Ta kawo na Alhaji ta koma, ta kawo nawa ta koma, ta kawo ruwa, shi ma mai ɗumi. Na ƙirga wannan ma cikin raini. Shinkafar ta kama ta ƙasa, ta sama kuma tsakiyarta da ƙarfi. Miyar ruwa tsululu, tumatir bai soyu ba, ba ko tsoka ɗaya, kuma ta huce. Na kai loma ɗaya na ji lami, ko ƙwayar gishiri babu.

Alhaji ya yi bismilla ya sa hannu. Yana ci a natse, loma bayan loma, kamar wanda aka ba amana. Ya ce mini, "Mushe, ci abincinka." Ban ji ba. Na ture farantin, na ɗauki cokali na buga tebur yadda nake yi wa yara. Matar ta fito ta tsaya. Na zazzage mata duk abin da ke cikina: an shanya mu, ba gaisuwa, ba fara'a, an kawo mana abin da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta ci. Alhaji ya ce, "Ya isa haka." Na ƙara ɗaga murya na ce, "Wai wannan restoran ne ko gidan mutuwa?"

Gunagunin nan na ciki ya ɗauke ɗif.

Wani busasshen hannu ya ɗaga labulen. Wata tsohuwa ce, hannayen rigarta a naɗe kuma a jiƙe, da guntun farin yadi rataye a kafaɗarta. Ko inda nake ba ta duba ba. Ta ce wa matar, "An gama shirya ta. Zo ki yi mata addu'a kafin maza su shigo."

Alhaji ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, yaushe Allah ya yi mata cikawa?"

Ta ce, "Da hantsi, Baba. Tana tsaye kan tukunyar miyar nan. Ta ce in miƙo mata gishiri, kafin in juyo ta faɗi." Sai ta buɗe hannun hagun nan. Ƙullin gishiri ne a leda, gumi ya jiƙe shi. Ta ce, "Na kasa zubawa. Amma ita ba ta taɓa barin wanda ya shigo ya fita bai ci ba."

Na dubi farantin da na ture. Ɗanɗanon lamin nan yana manne a harshena. Miyar ƙarshe ta matar da na zo yin alfahari da ita ce na zaga a gaban 'yarta, ita kuma tana kwance bayan labule ana yi mata wanka. Alhaji ya side farantinsa tas, ya ce Allah ya kai ladan kabarinta, ya miƙe.

Muka zagaya ta lungun. Ƙofar gidan cike take da maza a kan tabarmi, tun ɗazu suna nan, mu ne kawai muka shigo ta baya. Bayan azahar aka sallace ta. Alhaji, wanda bai taɓa ganin ta da rai ba, ya sa kafaɗa ya ɗauki makara, ni ina bin baya kaina a ƙasa.

A tasha, da zai shiga mota, ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, sau uku na buɗe maka ƙofa ba ka fita ba. Ba abincin ya dame ni ba. Mace ta gaya maka uwarta babu, ka yi dariya." Na ce ban gane nufinta ba ne. Ya ce, "Na sani. Ai ba ka tsaya ka gane ba." Mota ta tashi.

Bayan mako biyu wadda nake so ta kira ni. Na ji muryarta a dushe, na tambaye ta me Baba ya ce. Ta ce, "Ya ce babu." Wannan karon ba wanda ya yi mini fassara.

Na daɗe ina jin haushin Alhaji, daga baya na gane da 'yata ce ni ma abin da zan yi ke nan. Da na tsaya na ce wa 'yar Hajiya, "Sannu, ya gida, lafiya kuwa?" yadda aka koya mana tun muna yara, da magana ta ƙare a nan. Yunwa da son burgewa suka sa na tsallake gaisuwar. Tun daga ranar, duk wanda ya tsaya gabana fuska a murtuke, ko mai abinci ne ko ɗan ajina, ba na fara tambayar me ya sa bai yi mini daidai ba. Lafiyarsa nake fara tambaya, domin ban san abin da ya bari a bayan labule ba.