Wanda Zai Amsa Sunan Baba Kambai

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Baba Kambai ya rasu a ɗakinsa na unguwar Balsall Heath, yana zaune a bakin gado, ya sa kwat, takalmansa a goge, kamar mai jiran a kira shi. Ni Zuweira, mai zuwa daga unguwar Sparkbrook ina kula da shi, ni na same shi haka. Daga Allah muke, Baba, kuma duk muna nan tafe.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma ba ka taɓa sa na ji kunyar hakan ba. Kai Kirista ne daga Kagoro, ni Musulma daga zangon Kumasi, amma kai ka sayi darduma ka ajiye mini bayan ƙofa. Da azumi ba ka cin abinci a gabana, sai na yi ta faɗa. In na haɗa shayi ka ce, "'Yar Kumasi, wannan shayi ne ko ruwan wanke kofi?" Sannan ka shanye.

Hirarka kullum ta kwalejin nan ce ta baƙar fata a kudancin Amurka, inda mishan suka tura ka kana saurayi. Ka ce bayin da aka 'yanta ne suka fara ta, a tsohuwar majami'a mai yoyo, kaka da jikanta a benci ɗaya suna koyon baƙaƙe. Su suka haƙa yumɓu, suka gasa bulo, suka gina babban zauren. Ka ce har yanzu shatin yatsunsu na jikin bulon, wasu ƙanana ƙwarai. A zamaninku ƙararrawa ke tashe ku, ku tatsi shanu kafin aji, a duba gyaran gadonku, ran Lahadi 'yan mata su sa farar safar hannu.

Amma abin da ya fi tsaya maka shi ne ranar tuna magabata. Kowace shekara a kan karanta sunayen ɗaliban da suka mutu, wanda ya san mamacin ya miƙe ya ce, "Yana nan." Mai karatun ba ya wucewa sai an amsa. Ka ce na farko sun kafa al'adar ne don iyayensu da yawa sun mutu ba wanda ya kira sunansu. Ka taɓa ganin sunan da ba a amsa ba. Zauren ya yi tsit, ka ce, har aka ji wani benci da ba kowa a kai yana ƙara.

"'Yan ajinmu duk sun tafi," ka ce mini. "Ni na amsa musu. Ni wa zai amsa mini?"

Na ce, "Baba, ai ga 'yarka Celestina."

"Celestina ta ce aikin matsafa ne. Ke za ki yi. Da Hausa ma ya isa, ba sa zaɓen yare."

Na yi alkawari.

Bayan Kirsimeti ka fara rikicewa. Tsakar rana sai ka miƙe tsaye ka ce an kaɗa ƙararrawa. Ka karkata kunne wajen bango, ka ce, "Yana nan." Ka saurara, ka sake cewa. In mun fita shan iska kana shafa bulon gidajen mutane, kana neman yatsu. Wata rana ka tsaya, ka ɗora babban yatsanka a wani gurbi, ya zauna daidai. Ka yi murmushi ka ce, "Sun iso." Na ja ka muka koma gida.

Ranar tuna magabatan ta zo a watan Afrilu. Celestina ta sauko daga Manchester, daga asibitin da take aiki a Oxford Road, muna kwashe kayanka. Duk da ba ta so, ita ta haɗa mu da zauren ta wayarta. Can safiya ce, nan la'asar. Muka ga bangon jan bulo, da wata dattijuwa tana karanta sunaye. Da ta zo kanka ta lanƙwasa sunan, amma naka ne. Na miƙe na ce, "Yana nan."

Sai Celestina ta kama hannuna. "Anti, an rufe mana magana. Ba sa jin mu."

Ta shiga latsa wayar. Zauren ya yi tsit. Ba wanda ya miƙe, mun ga kowa a zaune. Dattijuwar ta ɗaga kai ta dubi can baya, inda kujerun ba kowa. Ta gyaɗa kai kamar mai godiya, ta wuce suna na gaba.

Celestina ta zauna a ƙasa tana kuka. Ba mu sake zancen ba har yau.

Baba, ni na cika alkawari, amma ba muryata suka ji ba. Ban san wanda ya riga ni ba. Ko wane ne, Allah ya saka masa da alheri.

Allah ya jiƙanka, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Celestina da ɗan'uwanta Jabez, da jikoki, da 'yan cocinku, da dangi na Kagoro. Allah ya ba ku haƙurin rashi. Mu kuma da za mu mutu nesa da gida, in an kira sunanmu, Allah kada ya hana mu mai amsawa.