Koren Maɓalli

Marlys Tollefson ba ta taɓa karɓar magana yadda aka ba ta ba. Ko ina kwana ka yi mata, sai ta duba fuskarka ta ga me kake nema. Shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar aron littattafai a gundumarsu ta arewacin jihar Minnesota a Amurka, daga gona zuwa majami'a zuwa gidan tsofaffi, kuma ba a taɓa yin wanda ya ce "ai na mayar da shi" ta yarda ba, sai ta ga littafin da idonta. Mutane suna sonta duk da haka, domin ba ta tona asirin abin da kowa ke karantawa.

A 'yan shekarun nan kantar sababbin littattafai ta cika da irin waɗanda da ba a kawowa: 'yar sanda mai farautar masu kisa ta koma gida wajen matarta, matuƙin jirgin sama jannati da ba ya amsa sunan namiji ko mace, labaran fatalwa na marubutan ƙabilar Ojibwe, 'yan asalin yankin. Marlys ta karance su tas. Ba don sha'awa ba, in ji ta, don kada a ba ta labarin abin da ke cikin motarta. Manoman da ke gunaguni a bakin ƙofa kuwa, ta san wanda yake dawowa ya ara a ɓoye, ya ce na matarsa ne.

Littafi ɗaya ne ya hana ta sakat. Wendell Brekke ne ya rubuta shi, ɗan garinsu da ya ɓace yana ɗan shekara goma sha bakwai, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai da sunansa ya fito a bangon littafi. Labarin soyayya ne tsakanin wani saurayi da wani makanikin tarakta. Marlys tana karatu tana kurɓar kofi har ta kai shafi na sittin da biyu. A nan makanikin ya shigo sanye da jar kwat ta ulu, maɓallanta baƙaƙe, in ban da na uku, wanda yake kore.

Ita ta ɗinka wannan maɓalli. Da hannunta ta ciro shi daga tsohuwar rigar mahaifiyarta, ta ɗinka wa mijinta Arlen, makanikin tarakta, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce.

Kwat ɗin nan tana da tarihi. Wata Asabar cikin sanyin shekarar 1984 Arlen ya fita da safe ya ce zai duba wata tarakta, bai dawo ba sai la'asar, yana rawar ɗari, ba kwat, tankin mota ya kusa ƙafewa. Ya ce ya mance ta a wani wuri. Wa ke mance kwat a ranar da yawu ke daskarewa kafin ya kai ƙasa? Ruwa ba ya tsami banza. Marlys ta yanke cewa mace ce, har ta zaɓi wadda take zato, wata mai sayar da abinci a bakin titi, ta daina gaishe ta har matar ta bar garin. Ba ta bar Arlen ba. Ta dafa masa abinci, ta haifa masa 'ya'ya biyu, ta yi jinyarsa. Amma duk faɗan da suka yi a shekara talatin da bakwai, ko a kan gishiri aka fara, a kan kwat ake ƙarewa. Shi kuwa sai ya sosa ƙeya ya ce, "Na mance ta, Marlys."

Ta kai wa ƙawarta Ardis littafin, ta buɗe mata shafin.

"Ke dai kin cika neman magana," in ji Ardis, tana yanka kek. "Ƙagaggen labari ne fa. Jar kwat nawa ce a jihar nan?"

"Mai koren maɓalli a na uku?"

Ardis ta ajiye wuƙar. "To, biri ya yi kama da mutum. Amma mutumin nan yana kabari, me za ki tono?"

"Shekara talatin da bakwai ina kishi da mace, Ardis. In ma ban san da wa nake kishi ba, ai gara in sani kafin in bi shi."

Tsoro ne ya kama ta, ba fushi ba. Tsoron kada a ce duk zaman nan ita ce baƙuwa a gidanta.

Da bazara ɗakin karatun garin ya gayyato Wendell. Ya zo da mijinsa, wani dogon likitan haƙori mai yawan murmushi, abin da Marlys ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Ta zauna a layin ƙarshe da rana tsaka, ta bar kowa ya karɓi sa hannu ya watse, sannan ta dire littafin a gabansa, a buɗe.

"Ina kwat ɗin mijina?"

Wendell ya cire tabarau. Kansa duk furfura. "Anti Marlys. Na san za ki zo."

"Ban zo gaisuwa ba. Na karanta abin da suka yi a babi na tara. Da mijina ka yi shi?"

"A'a. Ni na so shi, wannan gaskiya ne. Yaro ne ni, shi kaɗai ke yi mini magana kamar mutum. Shi bai ma sani ba. Abin da na yi fata ne na rubuta, aikin namu ke nan."

"Kwat ɗin fa? Ita ma fata ce?"

"Ranar da babana ya gano maza nake so, ya kore ni da 'yar shara a jikina. Arlen ya tsince ni a bakin hanya. Ya kai ni tashar mota ta birnin Duluth, ya sa ni a mota zuwa wajen gwaggota, ya cire kwat ɗin ya yafa mini. Tana nan a gidana har yau."

"Kuma ya kasa gaya wa matarsa?"

"Ni na roƙe shi. Babana ya rantse in ya gano inda nake sai ya dawo da ni ya gyara mini zama. Arlen ya ce, 'Marlys ba ta iya ƙarya ba. In ubanka ya tsare ta a majami'a, ko bakinta ya yi shiru fuskarta za ta faɗa.' Ya yi mini alkawari ba zai gaya wa kowa ba sai na sake shi." Ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa rubuto masa na ce na sake shi ba. Ban zaci yana riƙe da alkawarin ba."

Marlys ta zuba masa ido. Wannan ce sana'arta ta gaskiya, ta fi tuƙi. Ta duba idonsa, ta duba hannunsa, ta jira ƙiftawar nan da maƙaryata ke yi. Ta so ta same ta, wallahi ta so, domin da ta samu da an ce ba a banza ta juya wa mutum baya a gado ba. Ba ta samu komai ba.

"Zan aiko miki da ita," in ji shi.

"Bar ta. Kai aka ba."

Ta ɗauki littafin ba sa hannu, ta fita, ta mayar da shi kantar sababbi a motarta, bangonsa a waje. Sannan ta hau kujerar direba ta riƙe sitiyari. Ana jiranta a gidan tsofaffi ƙarfe uku, ita da ba ta taɓa makara ba, amma ba ta tayar da motar ba.

"Ɗan banza," ta ce da kujerar da ke gefenta. "Cikin sanyin nan ka tuƙo mil ɗari ba kwat, ka shigo, ko kofi ban ba ka ba."