Mai Kujera Ya Ƙi a Fitar da Baba

Bangon da ke tsakanin ɗakin Baba da falo ya daɗe da tsagewa, amma ba a ɗauki abin da zafi ba sai ranar da Auta ta ga hasken falo yana ratsowa ta tsagar. Ƙasan banɗaki ya lotsa, silin ɗin baranda ya yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa. Kowa ya yarda gidan yana neman gyara. Inda aka rabu shi ne batun Baba.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Ciwon ido ya cinye ganinsa tun 'yarsa Auta tana makaranta, amma a cikin gidansa ba mai cewa makaho ne. Yakan fito daga ɗaki ya ratsa falo, ya kauce wa tebur, ya isa baranda ya kunna rediyonsa, ko bango bai dafa ba. A waje ne yake komawa abin tausayi. Yaya, babban wan Auta, wanda Baba ke kira Babba, ya taɓa ɗaukarsa zuwa gidansa na saman bene, kuma har yau ba ta manta yadda ta same shi ba: zaune a bakin gado, hannuwa a kan gwiwa, yana jiran a zo a raka shi banɗaki.

Yanzu Yaya ya ce da zarar an fara aiki Baba zai koma wajensa, in an gama sai a duba. Auta ta san inda wannan "a duba" zai ƙare. In gidan ya canza ba ya nan, Baba zai dawo baƙo a ɗakinsa, daga nan kuma sai a ce ai gara ya yi zamansa a bene.

"Ke kike gidan," in ji Yaya. "Ke za ki zaɓo ɗan kwangila. Ni dai a yi aiki mai kyau."

'Yan kwangila biyu suka fara zuwa. Na farko ya nuna mata hotunan gidaje a wayarsa, tayil sai ƙyalli yake kamar a lasa. Na biyu dattijo ne mai gaskiya, ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa cikin silin, ya faɗa mata abin da zai ci ba tare da kwana-kwana ba. Dukkansu da magana ɗaya suka rufe: a kwashe kaya a bar musu gidan. Auta ba mai musu ba ce. Ta yi musu godiya, ta raka su ƙofa, ta koma kicin ta tsaya tana kallon tukunya.

Matar da take yi wa aiki a kantin magani ce ta ambata mata wani ɗan kwangila da ake kira Mai Kujera.

"Aikinsa ba makusa, amma sai mai haƙuri. Kafin ya ce miki uffan sai ya wuni a gidanki kamar sabon mai gadi."

Gani ya kori ji, don haka Auta ta nemi wani gida da ya gyara ta je. Wata tsohuwa gajeruwa ta ja ta zuwa kicin, ta miƙa hannu ta sauko da kwano daga kanta ba tare da ɗage ba. "Kin gani? Shekara da shekaru ina hawa turmi kafin in ɗauko gishiri. Ban faɗa masa ba, 'yar nan. Gani ya yi."

Mai Kujera ya zo gidansu da hantsi, mutum gajere mai furfura, yana ɗingisa ƙafar hagu, da wata 'yar kujerar ƙarfe mai naɗewa a hammata. Ya gaisa, ya buɗe ta a kusurwar falo ya zauna.

"Ku yi harkokinku, 'yata. Ku ɗauka ba na nan."

Baba ya fito, ya kai tsakiyar falo, ya tsaya cak.

"Auta, wa ke min numfashi a kusurwa?"

"Ɗan kwangila ne, Baba."

"To! Ɗan kwangila, a zaune ake gini yanzu?"

"A zaune ake fara shi, Direba."

"Ka ji malalaci da hujja," in ji Baba, ya wuce baranda yana dariya.

Haka ya wuni. Bai auna komai ba, bai taɓa bango ba. Ya matsar da kujerarsa daga falo zuwa bakin kicin, daga can zuwa baranda. Auta ta lura idonsa ba ya kan tsagar bango, yana kan ƙafafun Baba. Da ta kawo masa shayi da rana, kunya ta hana ta tambaya, shi kuma ya ga tambayar a fuskarta, sai ya ba ta labarin da kansa.

Da leburanci ya fara, yana ɗaukar kwanon siminti a ka har gashin tsakiyar kansa ya zube. Ya koyi ɗora bulo a hannun wani magini mai zafin rai, wanda in layi ya karkace ba ya magana, ƙafa yake sa wa ya ture. Ya zama birkila mai sauri, irin wanda ake rububi. Ya yi aure, ya gina wa kansa ɗaki biyu a ranakun hutu, yana taƙama da su. Sai wata rana katakon da yake takawa a saman wani gini ya karye, ya faɗo, ƙugu ya tashi aiki.

Watanni ya yi a kwance a ɗakin da ya gina da hannunsa. A nan ya san ɗakin. Tagar ta yi sama, sararin sama kawai yake gani. A tsakar gida 'yarsa ta fara tafiya, yana jin ana tafa mata, yana jin faɗuwarta da tashinta, bai ga taku ɗaya ba. Ƙofar kuma wajen gado take buɗewa, kullum sai ta bugi matarsa in ta shigo da ruwa.

"Na gina wa mai tsayuwa ɗaki," ya ce, "sai ga mai kwanciya a ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, 'yata. Ni kuwa ɗakin nawa ne, amma sai da na karye na sani."

Da ya warke hawa sama ya gagare shi. Ya fara karɓar ƙananan ayyuka yana tara ma'aikata, har ya zama ɗan kwangila. Tun daga lokacin bai ƙara karɓar aikin gida ba sai ya zauna ya ga yadda masu gidan suke rayuwa a cikinsa.

Da yamma ya naɗe kujerarsa.

"Zan karɓi aikin, amma da sharaɗi. Ba za a fitar da Direba ba."

Auta ta yi murna, sai kuma tsoro ya biyo baya. "Cikin ƙura da ƙusoshi?"

"Wannan matsalata ce. Yau na ga mutum yana tafiya da tafin ƙafa da kunne. Iskar da ke shigowa ta tagar kicin ita ke gaya masa ya kai kwana. In na rushe masa hanya ba ya nan, na ƙwace masa idon da ya rage. In yana nan, ko bulo ɗaya muka ɗora sai ya san da shi. Aikin zai ja lokaci, kada in ɓoye miki."

Da Yaya ya ji, sai da ya miƙe tsaye.

"Auta, kina cikin hankalinki kuwa? Makaho a wajen gini?"

Tun tasowarta ba ta taɓa mayar masa da magana ba. Ta kalli ƙasa. "Yaya, kai ka ce in zaɓa. Na zaɓa."

Ya koma ya zauna. "Shi ke nan. Amma ranar da ya ji ciwo, ranar zan ɗauke shi. Kuma ba na son jin wata magana."

Aka fara, kuma Auta ba ta taɓa ganin aiki irin wannan ba. Ɗaki ɗaya ake taɓawa, sai an gama a matsa gaba. Aka rataya jiƙaƙƙun barguna a ƙofofi saboda ƙura. Aka ɗaura igiya daidai tsayin hannu a duk inda Baba zai bi. Kafin ma'aikata su ɗauki shebur, Mai Kujera yakan je ƙofar Baba ya ba shi rahoto.

"Direba, yau an rufe hanyar falo. Sai ka bi ta kicin, akwai gargada a bakin ƙofa."

"Ba shingen bincike dai ko?"

"Akwai ɗaya, kafinta ne, amma ba ya karɓar komai."

Ranar rushe tsagaggen bangon, a hannun Baba Mai Kujera ya sa guduma, shi ya yi bugun farko. Da aka zo fitar da sabuwar ƙofa, bai ɗauko ma'auni ba tukuna. Ya ce Baba ya taso daga gado ya tafi falo yadda ya saba. Inda ƙafarsa ta juya, nan aka shata da alli, sannan aka auna. Kowace yamma kafin a tashi, yakan kama hannun Baba ya bi da shi kan abin da aka ɗora, layi bayan layi. Leburori suka koyi kiran "baro na tafe!" kafin su sha kwana, Baba kuma yana amsa musu da "ba ni hannu, yaro, ba birki!" Tsohon da ya daɗe ba ya hira da kowa sai rediyo, ga shi yana gardama da mai fenti a kan launin da ba zai gani ba.

Ana cikin haka wata rana motar yashi ta zo da azahar. Aka kira Dogo, babban leburansu, ya fita da sauri ya bar shebur a kwance a kan hanya. Baba ya taho riƙe da igiya, ya yi tuntuɓe, bakin shebur ya yanke shi a ƙwauri. Ciwon bai yi zurfi ba, amma jini ya zuba. Auta ta wanke ta ɗaure. Ta san za ta iya yin shiru, wando zai rufe. Ta ɗauki waya ta kira Yaya ta faɗa masa.

Da safe ya iso da mota da jakar zuba kaya. Ma'aikata suka ajiye kayan aiki. Dogo ya raɓe a bayan tarin yashi, duk tsawonsa ya koma kamar ba shi.

"Wa ya bar shebur ɗin?" in ji Yaya.

"Ni ne," in ji Mai Kujera. "Duk wanda ya ajiye, ni ya kamata in bi hanyar bayan an sauke yashi, ban bi ba. Ba ni da abin cewa."

"Ni ma ba ni da shi. Auta, haɗa masa kayansa."

Muryar Baba ta fito daga ɗaki. "Babba, zo nan."

Yaya ya shiga. Baba na tsaye, ƙafa a ɗaure.

"Na yi shekaru a kan titi, taya ta sha fashe mini, ban taɓa barin mota a daji ba. Kuma ka san in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne. Biyo ni."

Bai taɓa igiyar ba. Ya fita ta sabuwar ƙofa, ya ratsa falon da rabinsa siminti ne rabinsa tayil, yana ɗaga ƙafa daidai inda tayil ya fara. "Sunkuya, akwai katako." Yaya ya sunkuya da kyar kafin ya bugi goshinsa. Baba ya shafa bango. "Wannan layin sau biyu aka ɗora shi, ni na ji ya karkace, suka yi ta musu, da aka sa igiya aka ga gaskiyata. Nan makunnin fitila zai zauna, saboda ku, ni ba ruwana da shi." Ya shiga banɗakin da ko ƙofa ba a sa masa ba, ya miƙa hannu sau ɗaya, ya murɗa sabon famfo. Ruwa ya zubo.

"A benenka an kula da ni, Babba, Allah ya yi maka albarka. Amma a can kaya ne ni. A nan ni ne mai gida."

Baba ya rufe famfon. Yaya ya tsaya a bakin banɗakin, ya share ido da bayan hannu kamar ƙura ce ta shiga. Can ya miƙa wa Auta jakar.

"Mayar min da wannan cikin mota. Gobe zan aiko masa da takalmi mai tsawo irin na leburori, kuma ba zai fito daga ɗaki ba sai da shi."

"A haɗo da hular kwano," in ji Baba. "In za a ɗauke ni aiki, a ɗauke ni sosai."

Ma'aikata suka fashe da dariya, Dogo ya fi kowa. Auta ta juya ta nemi Mai Kujera ta yi masa godiya, ba ta gan shi a cikinsu ba. A lungun da ke tsakanin kicin da baranda ta same shi, a durƙushe, ya miƙar da gurguwar ƙafarsa gefe guda. Yana tafe da gwiwa, yana shafa ƙasa da tafin hannu a hankali. Ya tsinci wata 'yar ƙusa, ya jefa a aljihu, ya matsa gaba. Ta tsaya riƙe da jakar tana kallonsa.