Tsumman Jikana

A layinmu na unguwar Kilomita Biyar ni ake kawo wa tsumman jarirai in duba. 'Ya'ya takwas na goya, don haka kallo ɗaya nake wa kashin yaro in yanke hukunci. Ruwan ƙwai mai 'yan gudaji, nonon uwa ne. In ya yi kore-kore, gobe zai sake. Ɗan nono ya kwana uku bai yi ba, cikinsa da laushi, yana wasa, sai in ce da uwar ta je ta yi barcinta. Yawanci ina dacewa, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Matan da ke hawa mashin zuwa asibiti a kan kowace tusa, dariya nake musu.

Autata ta fi kowa shan tsiyata. Da ɗanta na fari ya kai wata shida, wata rana da hantsi ta shigo da tsumma a hannu. Abin ja ne, mai yauƙi kamar kuɓewa. Rabi Hausa rabi Sango, yaren garin nan, take bayani, yadda takan yi in ta tsorata: yaron sai ya tsala ihu, ya naɗe ƙafafu, sannan ya yi shiru. Na tambayi abin da ya ci. Ta ce jiya ta ɗan lasa masa miyar ganyen rogo. Na ce to manja ne, ga kuma haƙori na tafe, ita dai haihuwar fari ce ke ɗibarta.

Ta ce, "Inna, in kai shi dai?"

Na ce, "Ki kai shi ina? Miƙo min shi nan."

Na goya shi. Ya yi lamo a bayana, na ɗauka sauƙi ne. Washegari ciki ya kumbura, amai ya koma kore. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce hanji ne ya shige cikin ɗan'uwansa, jan nan kuwa jini ne; da jiya aka zo, da akwai dabara. Kafin la'asar yaron ya cika.

Autar tawa ba ta taɓa ɗora min laifi ba. Da ma zagina ta yi, da na fi samun sauƙi, don har yau abin na cin raina. Bara ta sake haihuwa, ta zo wanka gida. Takan miƙo min jaririyar in goya, in yi mata wasa. Tsumman kuwa da kanta take wankewa, a bayan ɗaki, kafin in fito.